Ana Sayar da Dariyar Mijina a Kasuwa

Doña Amparo, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, ga shi bikin matattu ya matso.

Ranar Asabar na shiga birnin Oaxaca sayen kyandirori da turare. Na tsaya gyara ɗaurin kayana a gaban wani shago da ke sayar wa 'yan yawon buɗe ido katunan hoto, sai idona ya faɗa kan wata riga. Rigar na fara ganewa, don ni na yi mata faci a kafaɗa da zaren da bai dace da ita ba. Sai da na ɗan ɗaga ido na ga fuskar. Mijina ne, Melitón, wanda muka binne a watan Fabrairu. Yana durƙushe a ƙofar gidanmu, hannunsa cike da furanni, yana dariya har ana ganin giɓinsa. Katunan a jere rututu, duk shi ne. Yarinyar shagon ta ga na ƙura ido, ta ce ai wannan ya fi kowanne tafiya. Na sayi ɗaya, na biya kuɗin fuskar mijina kamar kowa.

Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba. Melitón manomin furen matattu ne, sempasuchil. Kowace shekara shi ke tsinke ganyen furen ya shimfiɗa hanya daga bakin titi har zuwa teburin da muke tarbar mamatanmu, saboda 'yarmu Inés da ta rasu tun ba a yaye ta ba. Da tana raye da yanzu ta yi 'ya'ya, amma kullum siririyar hanya yake yi mata, wai ƙafafunta ƙanana ne.

Bara yana cikin wannan aikin sai ga wani dogon Bature da kyamara biyu a wuya. Kin san yadda suke cika mana gari a lokacin. Yana ja da baya yana neman inda hoto zai yi kyau, har ya zo ya dasa manyan takalmansa a tsakiyar hanyar Inés. Melitón ba mai faɗa ba ne, ya dai ɗaga kai yana kallonsa. Ni ina bayan ƙofa ina niƙa barkonon miyar mole, na ce, "Tsoho, ƙyale shi. Wataƙila mamacin wasu ne da danginsa suka manta, ya biyo tamu hanyar. Ba ka ga yadda ya yi fari fat ba?" Shi ne Melitón ya fashe da dariya, mutumin ya ɗauki hoto, ya ɗaga mana hannu ya wuce. Melitón ya share inda aka tattake, ya sake shimfiɗawa.

A bayan katin akwai rubutun Turanci. Ɗana Nazario ya fassara mini: "Manomi yana yi wa mutuwa dariya." Babu suna. Doña, mutumin da ya sa 'yarsa a rami da hannunsa ba ya yi wa mutuwa dariya. Mai hoton yake yi wa, kuma ni na sa shi. Wannan dariyar tawa ce. A gefen katin ma ana ganin yatsuna a jikin ƙofa, sauran jikina an yanke.

Ga inda na rasa yadda zan yi. Bana ne zuwan Melitón na farko a cikin mamatanmu, dole hotonsa ya hau saman tebur. Shi kuwa ya tsani hoto. Abin da ya bar mini kawai na katin zaɓe ne, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kama da akuyar sata. Na so in ɗora wannan katin, sai yayarsa Eufrosina ta ce kada in kuskura. Wai hoton da aka rataya a gidaje dubu a ƙasashen da ba mu san sunansu ba, ta yaya ƙaninta zai san inda zai sauka? Ta ce zai yi ta gararamba daga bango zuwa bango har biki ya wuce, abincinsa ya huce. Na ce mata surutu ne, amma tun ranar maganar take cina.

Nazario kuma ya harzuƙa. Ya nemo mutumin a intanet, ya aika masa maganganun da ba zan maimaita ba, yana cewa sai ya tona masa asiri a duniya. Mutumin ya amsa daga wata ƙasa can, yana wajen wani bikin. Ya ba da haƙuri, ya ce bai san hanya ba ce, ya ɗauka ado ne. Ya ce in mun so zai janye hoton gaba ɗaya, ko ya aiko mini da babba a cikin firam. Nazario na cewa a janye. Ni kuma in na tuna za a share dariyar nan daga duniya sai in kasa yarda, in na tuna baƙi na sayenta suna liƙawa a jikin firij sai in ji kamar in koma shagon in yayyaga katunan duka. Ina jin haushin mai hoton, kuma shi kaɗai ne ya adana mini abin da na fi kewa. Wa zan gaya wa wannan ya gane?

Na toya burodi, na sayi meskal, giyar da Melitón yake so. Saman tebur dai wayam yake, katin yana cikin aljihun rigata. Furanni suna gona ban yanka ba.

Matar Mai Furanni, daga kwarin Oaxaca

*

'Yar'uwata Matar Mai Furanni,

Allah ya jiƙan Don Melitón, ya jiƙan Inés. Rubutunki ba ya bukatar neman haƙuri, na ga mutumin nan sarai a cikinsa.

Haushinki yana kan hanya. Wanda zai ɗauki mutum a ƙofar gidansa, mafi ƙarancin ladabi ya gaishe shi, ya tambayi sunansa, ya dubi inda yake taka ƙafa. Bai yi ko ɗaya ba, sannan ya ƙaga wa dariyar ma'anar da za ta sayu. Amma mu yi masa adalci: an zage shi, ya amsa da ban haƙuri, bai ɓuya ba. Rashin sani ne da gaggawar matafiyi, ban ga mugunta ba. Kuma ba laifi ba ne ki ji haushin mutum kina kuma gode masa. Kada ki matsa wa zuciyarki sai ta zaɓi ɗaya.

Maganar Doña Eufrosina kada ki yi mata dariya, tsoron kada ƙaninta ya ɓata ne ya sa ta faɗa. Ki tambaye ta a hankali: kakanninmu da suka mutu ba a taɓa ɗaukarsu hoto ba, da me suke gane gida? Da ƙamshin turare, da hasken kyandir, da hanyar furanni, da muryar mai kiran sunansu. A cikin gidajen nan dubu, wa ya san sunansa? Wa zai dafa masa mole yadda yake so? Mutumin da ya shekara da shekaru yana nuna wa 'yarsa ƙofar nan ba zai ɓata a hanya ba. Ki ɗora katin. In hankalinta bai kwanta ba, ki jingina na zaɓen a gefensa, ya zo ya ga duka biyun ya sake yin dariya.

Batun janyewa kuwa, kada ki yanke shi a makon nan, kada kuma Nazario ya yanke miki. Shi uba ya rasa, yana neman wanda zai huce a kansa, ki tausaya masa, amma ki ce ya dakata da zagi. Ya rubuta wa mai hoton buƙatu da bakinki. A dakatar da buga sababbin katuna har ki yi tunani. A cire wancan rubutun ƙarya. In hoton zai ci gaba da fita, to da sunan Melitón da na Inés, da bayanin abin da yake yi a durƙushe, kuma in ana cin riba da fuskarsa, iyalinsa na da haƙƙi a ciki, ba roƙo ba ne. Sannan ki nemi hoton na asali kafin a yanke shi. Ina kyautata zaton kina ciki gaba ɗaya, a bayan ƙofa, bakinki bai gama rufuwa daga tsokanar ba. Ku ba mai hoton labarin abin da kika faɗa ranar. Ya kamata ya san wa ake yi wa dariya, zai fi masa amfani a tafiyarsa ta gaba fiye da zagin Nazario.

Abu ɗaya na lura da shi a wasiƙarki. Kin yi magana mai tsawo a kan hoto, furanni kuma layi ɗaya kika ba su. Ina jin nan ne ciwon yake, don wanda ya saba shimfiɗa hanyar bana shi ake shimfiɗa wa. Ki ɗauki Nazario da Eufrosina ku tafi gona tare, kada ki je ke kaɗai. Bana ki faɗaɗa hanyar kaɗan, mutum biyu ne za su biyo.

Allah ya ba ki haƙuri, ya sa ku yi biki lafiya. Mai hoto zai iya jira har bayan biki. Furannin nan ne ba a yanka ba, hanya kuma ba a shimfiɗa ba.

Taki,
Amparo