Bangon da Baƙi Suka Cinye

Daga takardun da ake aiko wa Malama Sadiyatu ta Ƙofar Rini, wadda ke karanta su a zaurenta ta mayar da amsa.

Malama, Allah shi gafarta miki, ki taimake ni don girman Allah tun ruwa bai sauka ba.

Ni mutuniyar Tungar Audi ce, can gaba da Kwalkwalawa, kan hanyar masu zuwa ziyara Hubbare. Maigidana ya tafi fataucin goro Gwanja tun kaka, ya bar ni da yara da mahaifiyarsa, Inna Zainabu, wadda ƙafa ta ƙi mata, ido ma ya fara. A ɗakin da take kwana ne wani malami matafiyi, Malam Siddiƙu, ya taɓa sauka tana amarya. Shekarar fari ce, ya yi roƙon ruwa, aka samu, ya wuce abinsa. Tun daga nan duk mai zuwa ziyara sai ya ratso garinmu ya kankari ƙasar bayan ɗakin ya ƙulle a bakin zane. Wasu su jiƙa wa mai naƙuda, wasu su gauraya da irin gero. Shi ya sa yanzu da bazara aka fi cika.

Ba zan ɓoye miki ba, da bangon nan garinmu ke ci. Mata na sayar da fura da dafaffen rogo, maza na sayar da harawa ga masu jakuna. Ranar da babban ayari ya sauka har makaɗa da 'yan kokawa ke fitowa dandali. Ni kaina da furar baƙi nake tufatar da 'ya'yana.

Amma Malama, bangon ya ƙare. Kowa inda hannunsa ya kai yake kankara, daga gwiwa zuwa ƙirji, sai sama ya tsaya da kaurinsa, ƙasa kuwa ta koma kamar faifai. Shekaranjiya da rana na shiga kai wa Inna kunu, sai na ga haske na shigowa ta jikin bango, har ina hango ƙafafun masu kankara. Azara ta fara sunkuyowa. Ƙasa na zubowa cikin ƙwaryarta, ita kuwa dariya take, wai albarka ce ta biyo ta har gado. Na ajiye mata kunun na fito.

Na je wurin maigari in roƙa a kira magini a yi yaɓe. Ya ce in sabuwar ƙasa ta hau, baƙi za su ce an gurɓata ta, su daina ratsowa. Ya ce kuma ba a taɓa bango mai gida ba ya nan. Maganar ta zaga gari, yanzu mata ba su amsa gaisuwata a bakin rijiya, wata ma ta ce so nake in kife musu tukunya. Na lallashi Inna ta dawo ɗakina, ta ce nan aka kawo ta, daga nan za a ɗauke ta zuwa kushewa. Faɗan da ta yi mini sai da na yi kuka. Har na yi tunanin in kwaɓa ƙasa in yaɓe ta ciki ba wanda ya sani.

Jiya hadari ya haɗu gabas, iska ta kore shi. Ba kullum za ta kore shi ba. Ko tsawa na ji sai in ruga in duba Inna. In bangon ya faɗa mata, da wane ido zan dubi ɗanta? In kuma na ɓata wa gari abinci, ina za ni da yara? Tsoro nake ji, Malama, ban san abin yi ba.

Taki, Mai Kallon Gabas.

Ɗiyata Mai Kallon Gabas, na ji, kuma tsoronki na kan hanya. Bangon da ake hango ƙafar mutum ta cikinsa ya riga ya faɗi, rana kawai ta rage. Ki bar zancen yaɓe a ɓoye. Ɗanyar ƙasa ba ta riƙe azara, kuma ranar da aka gane, ke ce mai laifi.

Maigarinku ba mugu ba ne, shi ma tsoro yake ji, tsoron yunwar mutanensa. Ni dai abin da na karanta, ƙasa ba ta saukar da ruwa, ba ta sauƙaƙa naƙuda, Allah ke yi. Amma ba wa'azi zai tsare soron nan bana ba. Ki koma wurinsa da limamin garinku da wani babba daga dangin mijinki. Ki shigar da su ɗakin da rana tsaka, su zauna inda Inna ke kwanciya, su ga hasken da idonsu. A tambaye shi wane baƙo zai sake ratso garin da bangonsa ya danne tsohuwa, ko ya danne masu kankara. Sannan a kawo masa mafita: a sauke azara, a kwantar da bangon da hannu a gaban jama'a, a tara ƙasarsa a fili a yi mata rumfa. Ba a gauraya ta da komai ba, mai ɗiba ya ɗiba, ba ran da zai salwanta.

Ita kuwa Inna, kada ki ƙara ce mata ta fita. Ba a korar tsohuwa daga ɗakin aurenta, gayyatar ta ake yi. To ni na gayyace ta. Ki gaya mata Sadiyatu ta Ƙofar Rini na son jin labarin Malam Siddiƙu daga bakin wadda ta kai masa ruwan alwala, kuma za a kai ta Hubbare ta yi ziyarar da ta daɗe tana ganin wasu na wucewa yi. Ba ƙarya kika yi ba, ina son ji. Maganar ɗakin ki bar mini, ni zan faɗa mata da bakina, tsohuwa da tsohuwa. Za ta yi fushi da ke, ki ɗauka. Ki gode Allah in ɗanta ya dawo ya tarar da ita tana faɗa.

Na haɗo amsar nan da jaki, da shimfiɗa a bayansa, da mai jan sa. Kada ki jira ayari ya watse, kada ki jira maigidanki. Allah shi tsare ku, shi riƙe hadarin nan har ta fito. Jakin nan kada ya kwana garinku, kuma kada ya komo mini ba kowa a kansa.