Rijiyar Inna

Asabar, 5 ga Yuli

Maƙwabciyata ta ce in danna nan in yi magana, wayar za ta riƙe. To ga shi. Zawon yarinyar nan ya dawo. Idonta ya faɗa, ko kukan kirki ba ta yi. Ni wa zan gaya wa? Babanta yana can wurin aiki sai ƙarshen wata.

Talata, 8 ga Yuli

A asibiti aka tura mu wani aji na mata. Malamai uku daga jami'a: mai gwada ruwa, mai maganar sama da damina, da wata mai tabarau da ba ta komai sai tambaya. Wa ke ɗebo ruwa, wa ke cewa a sha. Can baya na zauna. An ce kowa ta zo da ruwan gidansu a kwalba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na ɗiba a rijiya da Inna ta shiga wanka. Uwar mijina ce, ita da marigayi suka haƙa ta. Kamar ɓarauniya, wallahi.

Asabar, 12 ga Yuli

Da aka gwada, ruwan kwalbata ya yi baƙi. Na maƙwabciyata fes. Mai maganar sama ya ce ruwan da a da yake sauka a hankali yanzu lokaci guda yake zubowa, masai ya cika, ƙazanta ta bi ta ƙarƙashin ƙasa. Mai gwaji ya ce, “Ai sai a rufe rijiyar.” Mai tabarau ta yi dariya. “Malam, kai za ka je ka gaya wa surukarta?” Aji ya kwashe. Ni ban yi dariya ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na gwada yi mata maganar rijiyar. Inna ta ce, “Ruwan da ya raini mijinki? 'Yan boko su ci kansu.”

Laraba, 16 ga Yuli

Ina tafasa wa yarinyar ruwa kullum, amma zawon bai tsaya ba. Yau na gani da idona. Na sauke tukunya, Inna ta kamfato ruwan rijiya a randa ta sirka, wai kar a ƙona mata jika. Ashe kullum haka take yi. Don so ne fa, shi ya fi ba ni tsoro.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ta ɗaga moda za ta sirka, na riƙe mata hannu. Ni! Na ce, “Inna, bari ya huce da kansa.” Ta kalle ni sama da ƙasa. Yini guda ba ta ce min ci kanki ba.

Talata, 22 ga Yuli

Yarinya ta kama nono sosai, har da cizo. Inna har yanzu rijiyarta take sha. Amma ɗazu na leƙo, tana tsugune gaban tukunyar tana yi mata fifita da faifai. Na koma ɗaki kamar ban gani ba. Gobe akwai aji. Bencin baya yana jijjiga, shi ya sa kawai zan matsa gaba.