A Bar Rabi Ta Ga Bakin Mai Karanta Dikte

Zuwa ga mai girma Ansifekta mai kula da makarantun firamare na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka.

Ranka ya daɗe, ni manomi ne daga karkarar Hawandawaki. Ban zauna bencin lakwal ba, wato makarantar boko. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, na ƙara shi da ƙananan littattafan da malaman gona da na lafiya suke rabawa. Idan ka ga kuskure a tsarin wannan takarda ka yi mini uzuri. Duk abin da ke cikinta sai da na bincika na tabbatar. Na fito da ita fili ne domin ba ni kaɗai ke da yaro kurma ba.

Na farko, ɗiyata Rabi. Sanƙarau ya kama ta tana ƙarama, bayan ta fara magana. Allah ya bar mana ranta, amma jinta ya tafi. Mun sa ta lakwal ɗin ƙauyenmu, aji ya yi wa malamin yawa, ta yi ta zama a baya tana kwafar abin da ba ta gane ba, har muka mai da ita gida.

Na biyu, makarantar da ta ɗauke ta. Madam Zuwaira, tsohuwar malama ce da ta buɗe makaranta mai zaman kanta a Tasawa domin kurame da yaran da karatu ke yi wa nauyi. Na kai Rabi, ta zauna wurin gwaggonta. Na ga aikin da idona, kuma ban taɓa ganin haƙuri irinsa ba. Bencuna a jere suke kamar jinjirin wata, don kowa ya ga fuskar kowa. Ba a kaɗa ƙararrawa, jan ƙyalle ake ɗagawa. Madam takan ɗora hannun yaro a maƙogwaronta ya ji motsin harafi, ta riƙe ɗan auduga a gaban leɓenta ya ga wanda ke fitar da iska, sannan ta ba shi madubi ya gwada. Ba ta magana tana fuskantar allo, ba ta tsayawa a bakin taga inda haske zai duhunta fuskarta. Da haka Rabi ta koyi karanta magana a leɓen mutum, Hausa da Faransanci. A hutun bara ita ta karanta mini rubutun da ke jikin kwalbar maganin ƙwari, ta rubuta mini ma'anarsa da Hausa. Na shiga ɗaki don kada ta ga hawayena.

Na uku, abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A jarrabawar gwaji da ta wuce, an haɗa ɗaliban makarantu a wuri ɗaya. Madam ta tsaya bayan ƙofa kamar yadda doka ta ce, kuma ban ƙi wannan ba. An zaunar da Rabi tsakiyar aji bisa lambarta. Da aka zo dikte, wato rubuta abin da malami ke karantawa da baki, mushen da ke tsaro, wato malamin, ya yi abin da kowane mushe yake yi. Ya ɗaga takarda daidai fuskarsa, ya riƙa tafiya a hankali tsakanin bencuna yana karantawa, ya kai ƙurya ya dawo. Mai ji ko ta ƙeya aka yi magana zai ji. Rabi kuwa sai ta riƙa juya wuya tana bin bakinsa. Ya ɗauka leƙen takardar wasu take yi, ya ƙwanƙwasa teburinta, ya nuna mata ta sunkuya. Yarinya ce mai ladabi, ta sunkuya. Aka ba ta sifiri a dikte, alhali a lissafi tana cikin na gaba.

Ba na zargin wannan bawan Allah. Na same shi na yi masa bayani, na ga yadda jikinsa ya yi sanyi. Babu wanda ya faɗa masa akwai kurma a ajin.

Ranka ya daɗe, babbar jarrabawa ta kusa. Rabi ta fara karatu a makare, kuma Madam ta shaida mini cewa shekarunta ba za su bar ta ta sake gwada shiga kwalej baɗi ba. Ita ce kuma ta farko da makarantar ta tura, sauran iyaye ita suka zuba wa ido.

Ba na roƙon a ƙara mata maki, ko a sauƙaƙa mata tambaya, ko a shigar da malamarta ajin jarrabawa. Roƙona shi ne a sa ta a bencin gaba. Mai karanta dikte ya tsaya wuri ɗaya yana fuskantarta, haske na faɗa wa fuskarsa, takarda na ƙasa da haɓarsa, babu rawani ko ƙyalle a bakinsa. A sanar da shi tun kafin ranar cewa ɗaga kanta ba sata ba ce. A yi haka ga duk yaro irinta. Idan kuma ka sami sarari, ka leƙa ajin Madam Zuwaira, ka tafi da malamanka su gani.

Ranar kasuwar da ta wuce Rabi ta tambaye ni da hannu ko ta zauna jarrabawar, ko ta biyo ni gida shuka. Na ce mata ta dakata, zan rubuta wa babba. Har yanzu ban ba ta wata amsa ba, domin amsar tana hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare maka ji da gani, ya shirya maka zuri'a, ya sa ka gama aikinka lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isuhu, mahaifin Rabi