A-kori-kurar Baba da Dakalin Yaya Sabo

Asabar, 2 ga Agusta, 2025

Yau Yaya Sabo ya kawo 'yan gwangwan har cikin garejin gidanmu. Dawowata daga sallar azahar ke nan na tarar da wasu ƙarti biyu suna ƙwanƙwasa a-kori-kurar Baba kamar masu zaɓen kankana. Ɗaya har yana cewa sai dai a yanka ta gunduwa-gunduwa a fitar a baro. A yanka! Motar da ta yi mana dakon masara tun ina sakandare. Na ce su fita. Ban ɗaga murya sosai ba, ko da yake matata Sailuba ta ce har madafa ta jiyo ni.

Yaya ya ce tun da injinta ya buga, shekara da shekaru, ba ta da aiki sai tara ɓeraye, shi kuwa yana son wurin ya zama ɗakin karatu don damina na korar masa ɗalibai. "Zulki, ƙarfe ne fa, ba mutum ba." Na ce ni zan tada ta. Ya yi dariyar nan tasa ta babban wa. Muka tsaya a kan magana ɗaya: in ta fita daga gidan nan da ƙafarta kafin a fara kwaso masarar gonar gado, ta zauna. In ba haka ba, 'yan gwangwan su dawo da wutarsu.

Ni da na ƙare aikina a sashen taraktoci na ma'aikatar gona, ni za a yi wa dariya a kan ɗan injin gas? To.

Talata, 5 ga Agusta

Na sauke inji. Usman mai walda ya ara mini sarƙa, muka rataya ta a azarar giginyar da ke riƙe da rufin tun zamanin Kaka. Sailuba ta tsaya bakin ƙofa tana salati, wai rufin zai rufto mini a ka. Ko ƙasa ba ta zubo ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na buɗe cikinsa. Innalillahi. Baƙin mai ya daskare kamar kwalta, fistin ɗaya ya kafe a raminsa, karanshaf, wato ƙashin bayan injin, duk ya yi zane. A mashaƙar iska na tarar da sheƙar ɓera har da guntun takardar wani littafin Yaya.

Allah ya jiƙan Baba. Karatu da noma ba wanda ya kai shi, amma mota a wurinsa jaki ce: in ta yi nishi, a ƙara mata kowane irin mai aka samu a ce bismillah. Duk da haka gangar injin lafiya lau take, ba tsagewa ko kaɗan. Na shafa ta na ce, ke dai yi haƙuri, mai ke ya zo.

Alhamis, 14 ga Agusta

Rigima da Sailuba. Na ɗauki tandar wainarta na jera notina da bawul, kowane rami da nasa, don kada su cakuɗe. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya dace da aikin nan kamar tanda ba. Ta zo nema ta same ta tsamo-tsamo da kananzir.

"Baban Raihana, waina za mu ci ko kusoshi?"

Na ce ta yi ɗanwake. Ɗanwaken aka yi, amma nawa ba mai ba yaji.

Laraba, 20 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Bayana ya riƙe. Goge-goge kawai na yi.

Litinin, 25 ga Agusta

Na kai karanshaf Sabon Gari a gyara fuskarsa. Na naɗe shi da tsohon bargo, muka ciccibo shi da Usman zuwa bakin titi, don mai keke-napep ba ya son shigowa lungunmu. Dole muka bi ta gaban dakalin Yaya ana tsakar karatu.

Dakalin nan ɗalibansa ne suka gina masa bayan rasuwar Baba, da ya gaji karatun, saboda gwiwoyinsa ba sa barinsa zama a ƙasa. Teloli, 'yan kasuwa, har da wani tsohon alƙali, kowa ya ɗauki bulo da hannunsa. Yana nan daf da ƙofar gareji, ƙarƙashin bedi. Muna wucewa wani Alhaji Haisam mai hatsi ya ce, "Allah ya ba mara lafiya lafiya." Aka kwashe da dariya. Yaya bai yi dariya ba, amma bai hana ba. Na ce amin, na riƙe ta a raina.

Asabar, 30 ga Agusta

Mai kayan gyara ya so ya cusa mini zobban fistin na jabu a kwalin asali. Ni! Ina murza ɗaya a yatsa na ji kaushin bakinsa. Na ajiye masa a kan teburi, na zuba masa ido. Ya shiga ciki ya fito da na gaskiya yana cewa ai kuskuren yaron shago ne.

Talata, 9 ga Satumba

Karanshaf ya zauna. Na shafe shi da mai, na ɗaure, na sa hannu ɗaya na juya, ya bi hannuna sumul ba gargada. Na yi ta juyawa ba don komai ba. Na kira Sailuba ta gani, ta juya sau ɗaya ta ce, "To, sai me?" Ba laifinta ba ne.

Hannun nan bai manta ba. Dama ban yi zaton zai manta ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na ɗora kan injin. Ina ɗaure notina daga tsakiya zuwa gefe, a hankali a hankali yadda ake yi, sai na ji inuwa a bayana. Yaya ne da sandarsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Har yanzu ana nan?" Na ce ana nan. Ya ce masara ta fara sunkuyar da kai. Na ce na sani, ni ma gonar ubana ce.

Da ya tafi na yi jifa da tsumman da ke hannuna. Haushi ne.

Lahadi, 28 ga Satumba

Inji ya koma mazauninsa. Na mayar wa Sailuba tandarta, na wanke ta da toka har tana ƙyalli. Ta shinshina ta ce in riƙe, ta zama tawa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ta ƙi tashi. Na murɗa, na murɗa, har batir ya mutu. Iska ce ta shiga hanyar gas, na san haka, amma ɗaliban Yaya da ke jiyo kukan daga dakali ba su sani ba. Ban fita ta ƙofar gaba ba yau.

Asabar, 4 ga Oktoba

TA TASHI!

Da hantsi na sassauta bututan gas ɗaya bayan ɗaya, na yi ta bugun famfo har kumfa ta ƙare, gas ya fito tsantsa. Na ɗaure. Na ce bismillah na murɗa. Ta yi tari, ta yi tari, gareji ya turnuƙe da farin hayaƙi, sai kawai ta kama. Gir-gir-gir, daidai wa daida, ba tsalle ba shaƙewa. Na tsaya a cikin hayaƙin ina hawaye, kuma ba duka na hayaƙi ba ne.

Sailuba ta rangaɗa guɗa daga tsakar gida, matan maƙwabta suka amsa ba su ma san me ake yi ba. Usman ya bar walda ya rugo. Alhaji Haisam ya leƙo, na ce masa mara lafiya na gaishe shi.

Yaya ya shigo a ƙarshe. Ya ɗora tafinsa a kan bodin, ya rufe ido. Ya ce, "Muryarta ce." Ya juya ya fita.

Kaf unguwarmu Kwarbai a nuna mini wanda zai yi wannan a cikin gida, da sarƙar aro da tandar waina. Jibi zan fitar da ita.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na sa sababbin tayu, na buɗe ƙofar gareji, na shiga na ba ta wuta. Hancinta ya fito lungu, ya kusa taɓa katangar masallaci da ke fuskantarmu. Dama haka ake yi, sai a karya sitiyari hagu a miƙe. Na karya. Usman ya buga bodi yana ihu, "Tsaya! Tsaya!" Na sauko. Tayar gaba ta tokare da kusurwar dakalin Yaya.

Na koma baya na sake gwadawa. Na sake. Ta hannun dama kuwa ba hanya, lungun a nan ya toshe da gidan maƙwabciyarmu Rukayya. Lokacin da aka turo motar nan ciki Baba na da rai, ba dakali a wurin. Kullum ina wuce shi, har karanshaf na ɗauka ta gabansa, ban taɓa kawo komai a raina ba. Na auna ramin fistin har abin da bai kai silin gashi ba, ban auna ƙofar gidanmu ba.

Na mayar da ita ciki da baya, jama'a na kallo. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Talata, 7 ga Oktoba

Na cire madubai, na cire bamba. A banza. Usman ya ce a tara majiya ƙarfi a ɗaga bayanta, na ce sharaɗin da ƙafarta aka ce. A fasa bangon gareji kuwa, shi ke riƙe da zaure.

Sailuba ta ce in je in roƙi Yaya kawai. Ni? A garin nan ƙane ba ya ce wa wansa matsa in zauna, balle tashi in rushe. Wurin da ake karanta littattafan Baba, wanda dattawa suka gina da hannunsu? Kafin magariba labari ya kai Ƙofar Doka cewa Zulkiflu ya tashi majalisin karatu saboda tsohuwar mota. Gara a yanka ta.

Ko dama ya sani? "Da ƙafarta." Ina jin ya sani.

Alhamis, 9 ga Oktoba

An aiko daga gona, jibi za a fara kwasa. Na wanke ta tas, na shafa wa tayoyin mai. In za su yanka, su yanka ta da tsabtarta. Raina a ɓace yake, ban iya cin komai ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ina karyawa na ji dukan guduma. Na fito da kofi a hannu. Alhaji Haisam ne ya tuɓe babbar riga yana sara da diga, tela na kwasar ɓaraguzai, tsohon alƙali na riƙe da baro. Yaya na tsaye gefe ya dogara da sanda, buzunsa a hammata. Rabin dakalin ya riga ya tafi.

Na ce, "Yaya, me ke nan?"

Ya ce, "Cewa na yi ta fita da ƙafarta, ban ce ta yi tsalle ba." Sai ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji: wallahi shi ma bai lura ba sai ranar Litinin, kuma tun ranar yake jira in zo in yi magana. "Amma na san ka. Taurin kan Baba gare ka."

Na ce a kula da bututun ruwa yana nan ƙasa.

Ta fita. Ta karya kwanar nan kamar ba ta taɓa barinta ba. Na bi da ita ta Ƙofar Gayan har bakin gona na dawo, zafin inji bai motsa daga inda ya kamata ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Masara ta shigo gida a motar Baba. Tun safe muke sawu. A hawan nan na bayan ganuwa ko nishi ba ta yi ba, da kaya har sama. Duk wanda muka wuce sai ya juyo.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na dawo da yamma na tarar ana karatu a tabarma. Da aka kira magariba sai da mutum biyu suka kama Yaya kafin ya miƙe, na ga yadda ya cije leɓe. An kawo masa kujerar roba ya ƙi, wai shi ba zai karantar a kujerar biki ba, kuma ina zai jera littattafai?

Ba ni na ce a rushe ba. Ban roƙi kowa ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na dawo kafin la'asar. Na juya bayanta ƙarƙashin bedi don inuwa, na sauke murfin baya in share ɓawon masara. Na share, na kuma goge da tsumma, na shiga gida na bar shi a sauke. Mantuwa ce.

Da na fito na tarar Yaya ya shimfiɗa buzunsa a kan murfin ya zauna, ya jera littattafai a gefe, ƙafafunsa na taɓa ƙasa daidai. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Alhaji Haisam ya so in ɗauko masa hatsi daga Giwa, sai bayan magariba za a dawo. Na ce a'a. Sabon inji ba a wahalar da shi, kowane makanike ya san wannan, dole kafin la'asar ta dawo ta huce. Ya ce har yaushe ne zai daina zama sabo? Na ce ni zan faɗa.

Jiya hadari ya haɗu ana tsakar karatu, na buɗe musu gareji tunda ba komai a ciki da rana. Na share shi ne dama saboda ƙura.

Ni kuwa ina zama nan gindin tayar baya, don mutanen nan ba su san darajar fenti ba, sai su jingina. Gadin mota nake yi. Yau Yaya ya zo wani wuri ya tsaya yana laluben gilashinsa, ya miƙo littafin ƙasa ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Zulki, ja mana baƙi daga nan."

Na ja. Hannuna duk baƙin mai, sai da na goge a riga tukuna.