Ku Dawo Mini da Bakina Kafin a Zauna kan Gonar Marayu

Zuwa ga Shugaban kamfanin fasahar noma da ya sa hotona a tallar hannun jarinsa.

Kwafi zuwa ga hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, ban ambaci sunan kamfaninka ba, domin tallar da na yi muku ba da sanina ba ta isa haka. Ka san kanka, ni ma ka san ni. Ni ne tsohon nan da ke murmushi a cikin masara a bangon littafin da kuka buga lokacin da za ku shiga kasuwar hannun jari. Sunana Isyaku, manomi ne ni a Fassi, ƙaramar hukumar Kibiya. Sau biyu ina kai takarda ofishinku na Kano, ko "mun gani" ba a ce mini ba, shi ya sa na fito fili.

A garinmu ba ni da sarauta, ba ni da dukiya. Abin da Allah ya ba ni shi ne baki. Tun gemuna yana baƙi, in za a sayar da gona, ko a ba da jingina, ko a raba gado, ni ake kira in tsaya shaida. In na ce iyaka daga nan take, to daga nan take. Wannan bakin kuka ɗauka kuka kai kasuwa, kuma ga yadda aka yi.

Na farko, na'urarku ba ta taɓa aiki a gonata ba. Damina biyu da suka wuce, masara ta fara goyo, mutanenku uku suka zo a mota. Baƙi ne, don haka na shimfiɗa musu tabarma, aka damo musu fura. Suka kafa wani ƙarfe mai farantin sola a ka, suka ce wai yana jin ƙishirwar ƙasa ya gaya wa waya. Suka ce in cire babbar rigata in sa tsohuwar taguwar aiki, wai ta fi kyau a hoto. Na yi yadda suka ce, har ina dariya. Da suka gama ɗauke-ɗaukensu suka tuge ƙarfen suka mayar cikin mota. Ko la'asar bai yi a gonata ba, ramin da ya bari ma da ƙafa na toshe shi. Sun miƙo mini takarda da Turanci, suka ce ta shaidar sun iso ce za su nuna wa ogansu, na sa hannu da ajami. Wannan kam sakacina ne, kuma na sha kunyarsa.

Na biyu, masarar da kuke taƙama da ita. Malamin firamarenmu ya fassara mini abin da kuka rubuta, wai na'urarku ce ta sa gonata ta yi wannan kyau. Subhanallahi! Shanun Ardo Bello ne suka yi rani a gonar nan, su suka ci kara, ni suka bar mini taki. In ana neman wanda ya cancanci bangon littafi, a zo Ardo ya ba da aron saniya.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Da mutanenku za su tafi na ce musu Allah ya sa albarka a wannan aiki. Ranka ya daɗe, haka muke ce wa kowa. Mai haƙar rijiya muna ce masa, mai facin keke muna ce masa, ko wanda ya zo sayar da maganin ɓera ba ya tashi ba mu yi masa addu'a ba. Ku kuma kuka yanko addu'ar nan, kuka liƙa ta a bidiyo, kuka biyo ta da bayanin yadda ake sayen hannun jarinku ta manhaja. Bidiyon ya zaga wayoyi daga Kibiya har Madachi da Dawaki. Dillalanku suka kafa rumfa a kasuwar Rano, da hotona wanda ya fi ni tsayi. Mutanenmu ba sa karanta littafi mai kaurin bulo, fuskar mutum suke dubawa, kuma don kun san haka kuka zo nemana. Da labari ya iso ni na miƙe a masallaci bayan sallar Juma'a na ce ban san komai game da ku ba. Na makara, da yawa sun riga sun saya. Wasu ma cewa suka yi so nake in ci ni kaɗai.

Na huɗu, bara aka wayi gari an dakatar da cinikin hannun jarinku, aka ce kun kasa miƙa rahoton shekara. Wanda ya saya ba ya iya sayarwa, rumfar Rano kuwa ko kara ba ta bari ba. Ni ban san dokokin kasuwarku ba. Amma an gaya mini duk abin da kamfani ya rubuta a littafin nan tamkar rantsuwa ce ga masu saye, kuma hukuma tana dubawa kafin a sake shi. To ina tambayar hukumar, cikin girmamawa: wa ya duba nawa shafin? Daga Kano zuwa Fassi ba kwana ake yi a hanya ba. Da wani ya zo ya tambaye ni ina na'urar, da na nuna masa inda na toshe ramin.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa haƙura. Akwai wata baiwar Allah, Gaje, matar aminina marigayi Malam Sule. Ta ga fuskata a wayar maƙwabciyarta, ta sayar da tumakin da take kiwo ta sayi hannun jarinku. Ba ta ma tambaye ni ba, don a ganinta na riga na yi magana. Tumaki sun tafi ke nan.

Bana kuma wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta marigayin ya sa garma ya nome gambar da ke kan iyaka, ya ce gefen da ɗorawa take nasa ne. Da kalwar ɗorawar nan Gaje ke yin daddawar da take ciyar da marayunta. Mu uku muka tsaya ranar da aka shata iyakar, biyu sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage. Aka je gaban dagaci, aka kira ni. Kafin in buɗe baki mutumin nan ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya yi wa ƙarfe shaidar zur don a ba shi kuɗi, me zai hana ya yi wa matar amininsa?"

Zauren cike yake da mutanen da na yi wa shaida a kan gonakinsu, amma ba wanda ya tsawata masa. Wasu sun sunkuyar da kai, domin su ma kuɗinsu na hannunku. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba. Dagaci ya ɗage zaman sai an gama girbin dawa.

A hanyar gida Gaje ta tsayar da ni. Na zaci zancen tumaki za ta yi, na ma shirya ba ta haƙuri. Sai ta ce, "Malam, tumaki na bar wa Allah. Amma in bakinka ya mutu, ɗorawar yaran nan ta tafi. Ka je ka karɓo shi."

Shi na zo karɓa, ranka ya daɗe. Ga buƙatuna:

1. Ku yi sanarwa da Hausa a rediyo, a lokacin da manoma ke saurare, cewa na'urarku ba ta yi aiki a gonata ba, ban ce kowa ya sayi hannun jarinku ba, kuma ba ku biya ni ko sisi ba.

2. Ku turo babban wakili, wanda ya isa ya yi magana da yawunka, ya maimaita haka da bakinsa a zauren dagacinmu kafin ranar zaman.

3. Ku cire hotona da muryata daga littafinku da manhajarku da duk inda kuka liƙa su.

4. Hukuma kuma ta binciki sauran fuskokin da ke cikin littafin nan, don ba na jin ni kaɗai aka yi wa haka. Ta duba halin talakawan da suka saya. Ta kuma sa doka cewa duk kamfanin da zai yi talla da fuskar mutum, sai an karanta masa takardar da harshensa a gaban shaidu.

Kada ku aiko mini da kuɗi. In kun aiko zan mayar, domin ranar da na karɓa, maganar mutumin nan ta zama gaskiya.

Dawa ta fara nuna, lokaci ya ƙure. Ranar zaman zan je in tsaya in faɗi inda iyaka take, ko kun zo ko ba ku zo ba. Ko za a ji ni, wannan yana hannunka.

Ina roƙon Allah ya nuna maka gaskiya ya ba ka ikon bin ta, ya tsare naka 'ya'yan daga ranar da za su nemi mai yi musu shaida su rasa. Wannan addu'ar taka ce kai kaɗai, don Allah kada a yanke ta a sa a talla.

Wassalam.

Isyaku manomi,
Fassi, ƙaramar hukumar Kibiya.