Maɓallin da Bai Farka Ba

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran, har da wancan mai kukan da ya gaji hancinki. Allah ya raya shi, ya kuma sauya masa hanci. Baba yana nan da sauƙi. Talata da Juma'a muna zuwa wankin ƙoda kamar kullum, ya kwanta awa huɗu injin na juya masa jini, shi da abokinsa Baba Tela na gadon kusa suna musu a kan wanda ya fi tsufa. Kin ce in daina turo miki saƙon murya tunda ba kya jin komai sai dariyata, to ga takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san daga allo na fito, bokon nan a waya na tsince shi.

Kin tambayi aikin da na samu. Wasu mutane ne asibitin ya ɗauka su yi masa shafin intanet. Shugabarsu ta gan ni a ɗakin wanki ina gyara wa tsofaffi wayoyinsu, ta ba ni tata ta ce in taɓa shafin. Kafin ta gama magana da likita na rikita shafin. Nan take ta ce in zo ranar Litinin. Aikina ke nan, Yaya: in danna abu har ya lalace. Abin da Baba ya yi shekaru yana zane ni a kansa!

Amma ina da abokin takara. Wani mai tabarau a ofis, muna ce masa Gilashi, ya rubuta wa wata kwamfuta umarni, ita da kanta take buɗe shafin, ta cika suna, ta danna maɓalli, ta duba ko abin ya shiga. Na sa mata suna Ɗan Aike. In komai daidai ne, fitilar da ke bango ta yi kore. In ta yi ja, mai laifin zai yini da hular kwali mai kunnen jaki a kansa, haka dokar ofis take.

To ji abin da na gano. Shafin nan kashi biyu yake zuwa. Babbar kwamfuta tana turo shi a zane, rubutu da maɓalli komai tsaf, amma jiki ne kawai. Sai kaya na biyu sun biyo baya sannan maɓallan su farka. Su Gilashi suna kiran wannan shayar da shafi. A ofis intanet ɗinmu kamar walƙiya, ba a ko ganin tazarar. Ni kuwa da Gilashi ya fita salla sai na cire Ɗan Aike daga layin intanet na ofis na jona shi da na wayata, mai tafiyar hawainiya. Ɗan Aike ya danna maɓalli tun bai farka ba. Fitila ta yi ja!

Kwana uku Gilashi yana yawo da kunnen jaki yana zufa yana neman laifinsa. Da ya matso kusa da kwamfutar sai in mayar da layin. Rana ta huɗu na manta na sa wa layin wayata suna "Jaki Ya Gaishe Ka", sunan ya fito ɓaro-ɓaro a allonsa. Kowa ya yi dariya har Shugaba, ban da shi. Ya ƙara wa Ɗan Aike umarni ɗaya, cewa ya jira maɓalli ya farka kafin ya danna, sannan ya kulle kwamfutar da kalmar sirri. Tun ranar fitila kore take, ko ƙiftawa ba ta yi.

Sati mai zuwa za a buɗe shafin. Nas ɗin da ke kiran majinyata da littafinta za a mayar da ita wani sashe. Yanzu kowa da wayarsa zai tabbatar zai zo, kafin azahar ta jajibirin ranarsa. Wanda bai tabbatar ba, shafin da kansa zai ba da gadonsa ga na gaba a layin jira. Layin kuwa da tsawo.

Ki gaida maigidan, ki ce masa har yanzu ban yafe masa ɗauke ki ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin ƙaramin, haƙoran sun fito? Na ga amsarki, na kuma ji faɗan. Kin ce wata rana tsokana za ta ja mini abin da ba zan iya ɗauka ba. Na karanta wa Baba wurin, ya ce a gaya miki ya riga ki faɗa da shekara goma.

An buɗe shafin ranar Lahadi. Litinin da safe na zaunar da Baba a tsakar gida na ce ya gwada da kansa, don ranar da ba na nan. Ya buɗe. Sunansa ya fito, ga "Talata, ƙarfe takwas", ga koren maɓalli a ƙasa. Ya ɗora babban yatsansa ya danna da ƙarfi kamar mai kashe kyankyaso. Maɓallin ya ɗan yi duhu a ƙarƙashin yatsan. Baba ya ce shi ke nan, ya jefa wayar a aljihu, ya ce ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan.

Da na isa ofis na leƙa jerin waɗanda suka tabbatar, don kawai in ga sunansa in ji daɗi. Babu sunan Baba.

Ban ko zauna ba, Yaya. Na hau acaɓa na koma gida na karɓi wayar. Na buɗe shafin, na danna, ba komai. Na sake buɗewa, na tsaya ina kallo kawai ina ƙirgawa a zuci. Sai da na kai goma sha ɗaya, sannan da na danna aka rubuto "An tabbatar". Abin da na yi wa Ɗan Aike da wasa, shi ne wayar Baba take yi da gaske. Layin wayata da nake wa dariya, irinsa ne a hannun duk tsofaffin ɗakin nan. Kuma Baba bai san akwai wani rubutu da ya kamata ya jira ba. Wa ya gaya masa?

Na koma na samu Gilashi na yi masa bayani. Bai ɗago ba. Ya nuna mini fitila da biro, ya ce Ɗan Aike ya danna maɓallin nan sau ɗari biyu tun safe bai faɗi ko sau ɗaya ba. Na ce ai kai ka koya masa jira, Baba kuwa ba wanda ya koya masa. Sai ya leƙa ƙarƙashin teburinsa, ya shafa kujerarsa, ya tambaye ni me na ɗana masa wannan karon. Na rantse masa. Ya ce ranar hular ma na rantse. Kuma gaskiya ne, na rantse.

Shugaba ta tafi wani gari nuna shafin ga wani asibitin, sai mako mai zuwa. Na tura mata saƙo, ta amsa da hoton fuska mai dariya.

Na kira duk waɗanda nake da lambarsu a ɗakin wanki, mutum tara, na ce su buɗe su ƙirga ashirin sannan su danna. Biyu sun ce in bari sai an haɗu, sun san halina. Majinyatan kuwa sun fi sittin. Lambar Baba Tela ba ni da ita, shi ba ya ba da lamba, wai masu kawo masa ɗinki sun koya masa hankali.

Ki sa mu a addu'a. Gaisuwa ga kowa.

Auta

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kun tashi lafiya. Wannan ba zan tsawaita ba.

Jiya Talata muka je wanki. A gadon Baba Tela wata yarinya ce kwance, ba ta wuce sa'ata ba, fuskarta a kumbure, uwarta na riƙe da hannunta tana ta godiya ga Allah. Wata huɗu suna layin jira, Litinin da yamma saƙo ya shigo musu an ba su gado. Baba ya kalle ta, ya kalli ƙofa, ya sake kallonta. Awa huɗun nan bai yi musu da kowa ba.

Na tambayi babbar nas. Ta duba kwamfutarta ta ce tsohon bai tabbatar ba, ita abin da ta gani ke nan. Mutum bakwai ne ba su tabbatar ba a wannan zagayen. A ofis an ce tsofaffi ne, ba su saba ba, da sannu za su koya. Har an yi shawarar a buga musu takarda mai hoton yatsa.

Akwai wata doka da ban kula da ita ba sai jiya: wanda ya rasa tabbatarwa sau biyu a jere, gadon ya bar shi ke nan, ya koma ƙarshen layi. Gobe Alhamis da azahar za a rufe na Juma'a.

Kin san mai ciwon nan in ya tsallake wanki. Kin ga Baba lokacin da injin ya lalace bara, yadda ƙafafunsa suka yi, yadda ya kasa kwanciya sai a jingine.

Na roƙi nas adireshin Baba Tela, ta ce ba a bayarwa. Baba ya ce abin da ya sani kawai shi ne shagonsa yana bayan masu walda, akwai tsohon keken ɗinki da aka ɗaure da sarƙa a ƙofa. Yau ban je ofis ba. Unguwa uku na zaga, masu walda sun fi yashi yawa a garin nan. Gobe da sassafe zan ci gaba.

Abin da ke cina, Yaya, shi ne kwana uku na san jan fitilar nan daga ina yake fitowa. Ni kaɗai na sani. Da na ce musu ku zo ku ga abin da ke faruwa in layi ba ƙarfi, da sun tsaya sun duba. Amma kunnen jakin ya yi wa Gilashi kyau, na ce bari a ƙara kwana ɗaya.

Baba yana gaishe ki.

Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya. Na ba direba ne don ta iso yau, ki karanta har ƙarshe kafin ki kira.

Na samu shagon jiya Alhamis, amma sai bayan la'asar. Baba Tela yana ɗakin baya a zaune a kan buhun ƙyallaye, ya jingina da bango, numfashinsa sama-sama. Ƙafafunsa sun ƙi shiga takalmi. Da ya gan ni kunya ya ji. Ya ce wallahi ya danna, ranar Litinin ya danna, Alhamis ɗin ma da safe ya danna har sau biyu, amma shi ai tsufa ya cinye masa kai, kada in gaya wa Baba ya yi masa dariya. Ya nuna mini saƙon da ya shigo bayan azahar. An mayar da shi layin jira, shi ne na talatin da huɗu.

Na kira maƙwabcinsa mai walda ya zauna da shi, na ari wayar na tafi ofis da ita. Na wuce kai tsaye wurin Gilashi. Na ajiye ta a gabansa, fuskarta a fashe an ɗaure bayanta da roba, na buɗe shafin na ja hannunsa na ɗora a kan maɓallin. Ya danna. Ya sake dannawa. Ya cire tabaransa ya goge ya mayar. Na ga laɓɓansa suna ƙirgawa. Fitilar bango kore shar a bayansa.

Gyaran bai ɗauke shi awa ɗaya ba, Yaya. Yanzu maɓallin toka-toka yake zuwa da rubutun "Ɗan jira", sai ya farka ya koma kore. Ya cire wa Ɗan Aike umarnin jiran da ya ƙara masa, ya sa shi yana gwadawa da layi mai rauni. Shugaba ta kira, ba dariya a muryarta. Ba wanda ya yi mini faɗa, da ma sun zage ni da na fi jin daɗi.

Amma gyaran shafi bai dawo da gado ba. Yarinyar tana kai, ita ma ba lafiyar gare ta ba, likita ya ce ba zai tashe ta ba, kuma ni ma ba zan so a tashe ta ba. Inji takwas ne, duk a cike. Ɗakin gaggawa sun ce sai ranar Litinin wataƙila.

Yau da safe muka ɗauko Baba Tela a mota muka kai shi duk da haka. Baba ya kalle shi sau ɗaya, ya kira likita ya ce a raba nasa lokacin, awa biyu shi, awa biyu abokinsa. Likita ya ƙi, ya ce awa biyu ba za ta ishi ko ɗayansu ba. Baba ya ce to shi ba zai hau ba gaba ɗaya. Kin san shi. Aka raba. Ya kuma ce haka za a yi ranar Talata, da Juma'ar gaba, har sai an samu gado. Na yi masa magana, ya ce in rufe masa baki, ba da ni yake shawara ba.

Mun dawo gida yanzu. Nas ta ba ni ƙaramin kofi ta ce kada ruwan da zai sha a yini ya wuce uku. Ya sha biyu tun kafin azahar, yana kallon randa. Zobensa na azurfa ya ƙi fita da zai yi alwala, sai da na sa sabulu.

Sauran mutum shidan, biyu an same su a waya. Huɗu ba sa ɗagawa. Nas ta ba Gilashi adireshinsu da hannunta, yana waje da babur yana jirana.

Ki zo, Yaya. Ke kaɗai Baba yake jin maganarki, ko da yake ban san me zan ce ki gaya masa ba. Ki bar yaran wajen kakarsu, ki taho da kayan kwana da yawa.

Ina gaida maigidan, a ba shi haƙuri.

Ƙaninki,
Auta