Auren da Sarauniya Ta Kwance

Wrenham, Agusta 1553

Yaya Avis,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna?

Na san kin ji Sarki Edward ya rasu, yaro ɗan shekara goma sha biyar. An ɗora Jane, 'yar uwarsu, ta kwana tara aka sauke ta, yanzu yayarsa Mary ce bisa gado. Mijina Humphrey, da yake shi ne limamin cocinmu, ya sa an kaɗa ƙararrawar murna, amma da ya dawo gida bai taɓa abinci ba. Ya ce a zamanin Edward ne aka yarje wa limamai aure, ita kuwa Sarauniya tana kan tsohuwar hanyar cocin Roma, wadda ta hana limamai aure.

Matar mai niƙa ta tare ni a bakin rijiya, ta ce, "Sibil, fara ɗaure kayanki, ƙwarƙwarar liman!" Na yi dariya don kada ta ga idona. Cikina wata shida ne, Yaya. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Sibil

Norwich, Afrilu 1554

Yaya Avis,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Jaririyata Bridget ta fara zama.

Abin da muke gudu ya faru. An ce aurenmu ba aure ba ne. An tsayar da Humphrey gaban jama'a cikin farin mayafi, ba takalmi, riƙe da kyandir, ya rantse ya rabu da ni. Muryarsa ba ta fita, sai da aka sa ya maimaita. An tura shi wani coci a Holmsey, an hana shi ko gaisawa da ni.

Na yi fushi da shi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da ya ƙi rantsuwar, ban san me za su yi masa ba. Yanzu kaɗin ulu nake yi a gidan wani masaƙi. Na ce musu mijina ya ɓace a teku.

Taki,
Sibil

Norwich, Disamba 1558

Yaya Avis,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah Ya sa zazzaɓin nan bai shigo muku gida ba.

Sarauniya Mary ta rasu, ƙanwarta Elizabeth ta hau. Da aka fara raɗe-raɗin limamai za su iya mai da matansu, na kasa zama. Na kama hannun Bridget, muka yi tafiyar kwana biyu a ƙasa zuwa Holmsey. Duk hanya tana tambayata ko babanta yana da gemu.

Mun tarar da ƙofar gidan liman a rufe. Wani tsoho mai haƙa kabari ya ce zazzaɓi ya ɗauke Humphrey, kwana goma kafin rasuwar Sarauniya. Ya ce har ya kwanta bai daina zaga marasa lafiya ba. Ya kai mu bayan coci, inda ƙasar ba ta gama kwanciya ba, ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ke wace ce tasa?"

Na ce, "Matarsa ce. Wannan kuma 'yarsa."

Tsohon ya cire hularsa. Kusan shekara biyar ke nan, Yaya, rabon da in faɗi haka a fili, kuma ba wanda ya ƙaryata ni.

Ki gaida Inna, ki faɗa mata a hankali.

Ƙanwarki,
Sibil, matar Humphrey